Na Mayar Mata da Laujenta

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya bayana ya fara karkata, kuma wadda ta fara lura ba Inna ba ce, taubashiyata ce. Ɗiyar Goggo ce, ƙanwar babanmu da ke aure a wani ƙauye gefen Kwatarkwashi, a ƙasar Bungudu. Mu muna Tsafe. Duk hutu sai an kai ni can ko an kawo ta nan. Wata huɗu ne tsakaninmu, ita ce babba, kuma ba ta taɓa bari na manta da hakan ba. Wata rana muna wanka a bayan ɗaki ta zagayo bayana ta tsaya, ta ce, "Ke, wa ya lanƙwasa ki? Awa lauje!" Daga ranar sunana ya ɓace a bakinta. Ni ma na ƙare mata kallo, ga ta gajera, ga faɗi, ba wuya, na ce mata turmi. Aka yi kunnen doki.

Duk sauran mutane ta wutsiyar ido suke kallon bayana. Tela zai auna kafaɗata ta dama, ya auna ta hagu, ya yi gyaran murya, ya ƙara yadi a gefe guda bai ce komai ba. Mata a gidan biki sai na wuce su yi ƙasa da murya. Ita kuwa da ƙarfi take faɗa, a gaban kowa. In na sauka a mota lokacin kaka sai ta rangaɗa guɗa ta ce, "Jama'a, kar a sai lauje bana, ga namu ya iso!" In mun fita ɗebo ruwa ta nuna mini dutsen Kwatarkwashi da baki ta ce in gaida yayana. A dangi an ce ɗiyar mace baiwa ce ga ɗiyar namiji, wato ni ce uwar ɗakinta, amma ita ta juya abin, ni take kira baiwa ta aike ni. Taubashi ba a kai ƙararsa, sai dai ramuwa, ni kuwa bakina ba ya ciwo. A wurinta kaɗai nake manta cewa akwai abin da ake ɓoye mini.

Ina da shekara ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata firamare a Tsafe, numfashi ya fara gagarata. In na rubuta layi uku a allo sai na jingina na huta. Wani likita a Gusau ya ɗaga hoton ƙashina a gaban fitila, ya nuna mana yadda gadon bayan ya murɗe har haƙarƙari yana danne huhu. Ya ce in ba a yi aiki ba abin gaba zai yi ta yi. Yayanmu, wanda ke aikin gwamnati a Gusau kuma shi ke riƙe da mu tun rasuwar Baba, ya yi ta zirga-zirga har wani asibiti can nesa ya karɓe ni. Aka tsaga bayana daga ƙasan wuya zuwa ƙugu, aka shimfiɗa sandunan ƙarfe biyu, aka ɗaure su da kusoshi. Ranar da aka fara tsayar da ni sai na ga ina kallon Inna daga sama. Na ce, "Inna, ke kinka rage ko ni na ƙaru?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce in yi shiru in riƙe gado da kyau.

Da aka sallame ni ba a mayar da ni Tsafe ba. Ban-ɗakin gidanmu na tsuguno ne, ni kuma an hana ni tsuguno, an hana ni sunkuyo, an hana ni waiwaye, an hana ni ɗaukar duk abin da ya fi buta nauyi. Gidan Yaya a Gusau akwai na zama, ga shi kusa da masu gashin ƙashi. Aka kwashe buhunan da ke ɗakin baya aka sa mini gado mai katifa tauri. Inna ta yi mako biyu tare da ni, sannan damina ta faɗi, ga gona, ga awaki, ga ƙannena, dole ta koma. Hanyar kuma kowa ya san halin da take ciki, ba a bin ta duk lokacin da aka ga dama.

Ƙarfe bakwai da rabi Yaya zai tada mota, matarsa ta shiga gaba don ita ma ma'aikaciya ce, yara su cika baya, in ji an rufe ƙofar gida. Daga nan har la'asar ni ce da gidan. Ana bar mini kular abinci da ruwa a kan tebur daidai inda hannuna zai kai. In zan tashi sai in mirgina gaba ɗaya kamar gungume, kafaɗa da ƙugu su tafi tare, in sauke ƙafafu, in tura kaina sama da gwiwar hannu. Sai in ɗaura wata rigar roba mai tauri da aka ba ni, wadda ke tara gumi har ya riƙa gangarowa. In yi tafiya daga ɗaki zuwa bakin rijiya in dawo, sau biyar da safe, sau biyar da azahar. Abin da na fi tsoro a duniya lokacin shi ne atishawa. In na ji tana tahowa sai in fara salati.

Ba ni da abokin magana, sai na fara yi wa kaina wasa. Akwai wani mai sayen gwangwan da ke wucewa ta layin da hantsi yana tura kura, yana kiran a kawo tsohon ƙarfe. Daga kan gado nake ba shi amsa: "Wanga sabo na, malam, wuce gaba!" Ba ya ji, katanga ta raba mu, amma ni nakan ji, in rungume matashi in yi dariya a hankali, don dariya ma ciwo ce, tana tsaga ni daga wuya har ƙugu. Akwai kuma wani jan ƙadangare da ke hawa bakin taga yana ɗaga ƙirji yana saukewa yana kallona. Na raɗa masa mai gashin ƙashi. In ya iso in ce masa na gani, ya iya, ba sai ya yi mini gori ba. Ranar da aka wuni ana ruwa bai zo ba, har haushinsa na ji.

Wata safiya carbina ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Na tsaya a kansa ina kallonsa, ga shi nan kusa da ƙafata, amma ya fi ƙarfina. Na koma na zauna, na sake tashi, na sake kallonsa. Wajen azahar zuciya ta ɗebe ni, na cire silifa, na dafa bango, na sa yatsun ƙafa na maƙalo shi, na lanƙwasa gwiwa na ɗago shi har hannuna. Sau bakwai yana kuɓucewa kafin ya zo. Daga nan na samu aikin yi. Da gangan nake yar da abu in ɗauka: ɗankwali, cokali, murfin biro, har na kai ga ƙwayar gyaɗa. Na ƙware ƙwarai, amma ba wanda ya sani, domin in da mutum a kusa, kafin abu ya taɓa ƙasa an riga an ɗauko mini.

Abu ɗaya ne ban iya mayarwa wasa ba, shi ne sallah. A kujera nake yi, in ɗan sauke kai don ruku'u, in ƙara saukewa don sujada. Na san ta karɓu, malamai sun faɗa, amma goshina yana kewar ƙasa. In na sallame sai in daɗe ina kallon darduma a naɗe a kan akwati.

Masu dubiya sun zo, Allah ya saka musu. Ranar Asabar da Lahadi ɗakin kan cika da mata, da lemo da ƙwai da fura. Sai dai dubiya hanyarta ɗaya ce: "Sannu. Ya jiki?" "Da sauƙi." "Allah shi ƙara sauƙi." "Amin." Sai kowa ta kalli ƙasa, a yi shiru, can wata ta sake cewa sannu. Nakan gwada fasa shirun. Wata Lahadi hadari ya haɗo, na ce musu, "Ku matsa hwa, in anka yi tsawa ni za ta nema, ƙarhe gare ni." Wata maƙwabciyar Yaya ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi! Bari hwaɗin haka, ɗiyata." Ba wadda ta ko murmusa. Amma da aka yi tsawar farko na ga ta ja tabarmarta baya kaɗan. Na so in samu wadda zan haɗa ido da ita a kan wannan, na duba ɗakin kaf ban samu ba.

Shi ya sa na ƙosa taubashiyata ta zo. Lokacin tana da aure a Bungudu, tana ɗauke da cikin fari. Da aka ce mini za ta zo ranar Asabar, kwana uku na yi ina wasa baki. Turmi da ciki! Na tanadi magana ta kai goma. Na kuma shirya jin nata, don na san ba za ta rasa ba: ga rigar roba, ga tafiya kamar wadda ta haɗiye sanda, ga ƙarfe a baya. Na ajiye matashi biyu kusa, na rungumar dariya.

Ta yi sallama a bakin ƙofa, ta shigo, ta kira ni da sunana na yanka. Shekara goma sha uku rabon da in ji shi a bakinta, har na ɗauka da wata take. Ta zauna can bakin tabarma, ta ajiye kwalbar zuma, ta ce, "Sannu. Ya jiki?"

Na ce, "Wa za ni gani haka? Turmi, an kihwa maki ƙwarya a gaba?"

Ta ɗan motsa baki ta ce, "Allah shi ƙara sauƙi."

Na ce, "Ke, dibe ni da kyau. Na hi ki tsawo da kamu guda yanzu. Ba ki da abin cewa?"

Ta ce, "Mun gode Allah da anka yi aiki lahiya."

Na jefa ta uku, na jefa ta huɗu, duk suka faɗi a ƙasa. Garin motsi ɗankwalina ya zame, sai ga ta da tsohon ciki ta yunƙura ta rarrafo ta ɗauka, ta kaɗe, ta miƙo mini da hannu biyu. Ba ta yi awa ɗaya ba ta ce za su kama hanya tun da sauran rana. Da ta fita na mirgina na fuskanci bango na yi kuka, shi ma a hankali, don kuka da dariya wuri ɗaya suke taɓawa. Aikin da aka yi mini bai sa na ji ni nakasasshiya ce ba, sai ranar da ta miƙo mini ɗankwali da hannu biyu.

Ban haƙura ba. Na riƙa tura mata saƙon murya a waya. Na ba ta labarin mai gwangwan, na ba ta na maƙwabciya da tsawa, na tambaye ta ko har yanzu tana iya ganin ƙafafunta. Sai in ga ta saurara, can ta turo addu'a, doguwa, mai kyau, irin wadda ake tura wa surukai. Bayan wata guda na daina. Na ce in tana ji da kanta ni ma ina ji da kaina. Kwanakin nan su ne mafi tsawo a jinyar. Mai gwangwan ya yi ta wucewa ban tanka masa ba.

Inna ce ta warware mini, wani zuwa da ta yi cikin watan huɗu. Ina kwance rubda ciki tana shafa mini man kaɗe a tabon, na ce mata ɗiyar Goggo ta canza, aure ya sa mata girman kai. Hannun Inna ya tsaya. Ta ce, "Ba girman kai ba na. Ni na gargaɗe ta, na ce kar wanda ya ba ki dariya, kar ɗinki shi kwance, kar ƙarhen shi goce."

Na ce, "Inna, likita bai hana dariya ba!"

Ta ce, "Shi bai hana ba, ni na hana. Amma ba shi kaɗai ba na." Sai ta gaya mini sauran. Ranar da aka shiga da ni ɗakin tiyata, awa ta yi awa ba labari, Goggo tana can gida hankalinta ya tashi, ta juya kan ɗiyarta a gaban mutane ta ce, "Bakinki na! Tun tana ƙarama kina kiran lauje, lauje, har abin ya bi ta. In ɗiyar ɗan'uwana ta mutu, ke ta." Taubashiyata ta shiga ɗaki ta rufe, ta yi rantsuwa in Allah ya tashe ni ba za ta ƙara kirana da wannan sunan ba, ba za ta ƙara yi mini wasa ba.

Na ji haushin Goggo, na ji haushin Inna, na fi jin haushin ita sakaryar da ta yarda. Bayana ya riga bakinta karkacewa, ita gani kawai ta yi ta faɗa. Amma na san halinta, in na kira ta na yi mata bayani za ta ce to, ta ƙara turo addu'a. Rarrashi ba yarenmu ba ne, ni da ita.

Ta haihu da kaka, ana cikin yankan shinkafa. Lokacin an cire mini rigar roba, an yarda in shiga mota in dai za a tafi a hankali. Yaya ya ɗauke mu ranar suna, ni a gaba da matashi a baya, Inna da matarsa a kujerar baya. Muna shiga Bungudu na ce ya tsaya a bakin maƙera. Ya ce me zan yi da maƙera, na ce saƙo ne. Ya sauka yana girgiza kai ya karɓo mini abin da na ce. Na naɗe shi a cikin sabuwar atamfar da na tanada ta barka, Inna tana ta tambaya ina ta kallon titi.

Ɗakin mai jego ya cika maƙil. Ina shiga aka hau sannu, aka buɗe mini hanya, mata uku suka tashi suna miƙo kujera ɗaya. Ita tana bakin gado, ta ƙara faɗi, jariri na gefenta, Goggo na kusa. Ta kira ni da sunan yanka, ta ce na sha hanya. Ban zauna ba. Na miƙa mata ƙunshin na ce ta buɗe yanzu.

Ta warware atamfar, sai ga lauje sabo fil, har da baƙin wuta a jikinsa. Wata tsohuwa ta ce, "Madalla, a aje shi wajen kan yaro, ƙarhe maganin iska na."

Na ce, "A'a, Iya, ba na yaro ba na. Nata na. Likita ya ciro shi a bayana, ya ce in mai da ma mai shi. Shekara goma sha uku tana ajiya wurina." Na juya ga Goggo, gaba ɗaya, don wuyana ba ya juyawa shi kaɗai, na ce, "Goggo, in bakin ɗiyarki na lanƙwasa mutum, ni nawa mi ya sa bai yi aiki ba? Ko ya yi? Dibe ta hwa."

Wata daga baya ta tuntsire, ta toshe baki da mayafi. Taubashiyata tana riƙe da laujen a cinya, hawaye na zuba a kan atamfar. Ta ce, "Na yi rantsuwa."

Na ce, "Kin rantse ba ki ƙara ce mani lauje. To ai ba ni ba ce yanzu. Sauran kuwa ki yi kaffara, ga hatsi ya shigo gida. Wata biyar ina ɗaki ni ɗaya ina wasa da ƙadangare, ke kina turo mani addu'a awa limamiya. Kowa na tausaina, ba ni son naki."

Ta ɗago ta dube ni, wannan karon sosai, daga ɗankwali har silifa, irin kallon bayan ɗakin nan na da. Ta share hanci da gefen zane. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Yo ai sun wuce gona da iri. An ce su miƙe ta, sun mai da ta taɓarya."

Dariyar ta zo mini ba shiri, ba matashi. Ta tsaga ni daga wuya har ƙugu, na dafa bango ina yi ina cewa wayyo. Inna ta miƙe tana cewa, "Ku bari! Ɗinki!" Taubashiyata ta ce, "Bar ta, Inna, ƙarhe na, ba shi tsagewa." Goggo ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko kuka take ko dariya ba.

Akwai farantin goro a kan gado na rabon suna. Taubashiyata ta ɗauki ɗaya, ta juya shi a hannu, ta sake shi ya faɗi a gabana, ya gangara ya tsaya kusa da ƙafata. Ta ce, "Baiwa, ɗauko mani."

Hannu ya kai biyar da ya miƙa zai ɗauka. Ta daka musu tsawa ta ce kar wadda ta taɓa, ita ta san wadda ta aika.

Na cire silifa.